Na'urar auna kaurin fitsarin kare da kyanwa: ko ta cancanci kuɗinta a Legas?

A ido kamar ƙaramar tocilan take, tsawonta bai wuce taƙi guda ba. Ba ta cin batir, ba ta jiran wutar NEPA. Sunanta rifraktomita, kuma wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta dabbobi mai lamba RHC-300ATC, wadda masana'antu daban-daban na China ke ƙerawa, ake samunta wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji da kuma kasuwannin intanet. Aikinta ɗaya ne mai muhimmanci: ta gaya maka ko ƙodar dabba tana iya tace fitsari ya yi kauri, ko ta gaza. Ga ƙaramin asibitin dabbobi a Agege ko Ojo, ga mai kiwon karnukan gadi, har ma ga mai kula da karnukan maigida a Ikoyi ko Lekki wanda likita ya koya masa amfani da ita, wannan amsar tana iya zama tazarar da ke tsakanin kare ya tashi da kare ya mutu.

Dalili kuwa shi ne ciwon ƙoda na farat ɗaya ba ya zuwa da alama tasa ta kansa. Kare ya ƙi abinci, yana amai, ya lafke a inuwa, idanu sun faɗa, dasashi ya bushe. Haka kare mai zazzaɓin kaska yake, haka wanda gudawa ta tsotse yake, haka wanda ƙodarsa ta tsaya jiya da daddare yake. Ko an ɗebi jini an ga kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau, ba a gama ba, domin rashin ruwa a jiki kaɗai yana ɗaga shi alhali ƙodar lafiyarta ƙalau, jini ne kawai ba ya isa gare ta. A nan ne ɗigo biyu na fitsari ke raba gardama. Ƙoda mai lafiya idan jiki ya bushe sai ta riƙe ruwa, ta fitar da fitsari kaɗan mai kauri: sama da 1.030 a kare, sama da 1.035 a kyanwa. Idan kuwa dabba ta bushe ƙamas amma na'ura ta nuna tsakanin 1.008 da 1.012, to fitsarin ya fito ne da kaurin ruwan jini, ƙodar ba ta yi masa aikin komai ba. Wannan dabbar ba ta gida ba ce, ta gadon asibiti ce, yau ba gobe ba.

Yadda take da yadda ake aiki da ita

A gaba akwai gilashi mai gangare da murfin roba mai haske a kansa. A sama akwai ƴar ƙusa ta saiti a ƙarƙashin hular roba, a baya kuma wurin sa ido mai zoben da ake murzawa har rubutun ciki ya fito sarai. A akwatin za ka tarar da bututun ɗiga ruwa, ɗan sukudireba da ƙyallen gogewa. Idan ka leƙa ciki za ka ga ma'auni uku: kaurin fitsarin kare, kaurin fitsarin kyanwa, dukkansu daga 1.000 zuwa 1.060, sai na furotin ɗin jini daga giram 2 zuwa 14 a kowace desilita.

Kafin komai sai an saita ta. Ɗiga ruwa tatacce ɗigo biyu a kan gilashin, ka rufe murfin a hankali har ruwan ya shimfiɗu ba kumfa ba busasshen wuri, ka jira kamar daƙiƙa 30, ka fuskanci haske. Za ka ga sama shuɗi, ƙasa fari, da layi a tsakaninsu. Dole layin ya zauna daidai kan 1.000. In bai zauna ba, ka murza ƙusar har ya zauna. Ruwan leda ba ruwan saiti ba ne, na rijiyar burtsatse ma haka, musamman a unguwannin da ke kusa da teku inda ruwan ƙasa ke da gishiri. Mafi sauƙin samu kuma mafi aminci shi ne ruwan haɗa allura na ƴar kwalba da ke kowane kemis. Bayan saiti sai a goge, a ɗiga fitsari, a karanta inda layin ya tsaya. Minti ɗaya ya isa.

Abin yabo na farko shi ne ƙarancin fitsarin da take buƙata. Dabbar da ƙodarta ke tsayawa ba ta da fitsarin bayarwa, wani lokaci abin da za a samu bai cika rabin sirinjin insulin ba. Tsohon ma'aunin da ake tsomawa a kwalba yana son fitsari mai yawa, wannan kuwa ɗigo biyu sun wadatar. Layin yana fita tsaf idan fitsarin garai yake. Idan ya gauraye da jini ko mugunya layin zai yi dishi-dishi, sai a juya shi a na'urar juya jini a ɗebi ruwan saman.

Kada wani ya ce maka tsinken gwajin fitsari ya wadatar tunda shi ma yana da gurbin kauri. Wannan gurbin don mutane aka yi shi, kuma a kare da kyanwa ba abin dogaro ba ne ko kaɗan. Haka gurbin fararen ƙwayoyin jini: a kyanwa yakan nuna akwai alhali babu, a kare yakan nuna babu alhali akwai. Tsinken yana da amfaninsa a gefen sukari, furotin, jini da ruwan matsarmama, kuma idan aka haɗa shi da rifraktomita sai su cika juna. Misali, kare mai fitsari 1.012 da sukari a cikinsa, amma sukarin jininsa daidai yake, wannan alama ce mai ƙarfi cewa ƙananan bututun ƙoda sun ƙone.

Abin da ke kashe ƙodar dabbobi a wannan gari

Wanda ya san abin da yake nema shi ne na'urar ke yi wa amfani, don haka sai an tsaya a nan.

Na farko a damina shi ne cutar fitsarin ɓera, wato leftosifirosis. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙodar ɓera, tana fita da fitsarinsa, tana rayuwa a ruwan da ya kwanta da laka. Duk wanda ya ga yadda kwata ke cika ta malalo cikin gidaje a watan Yuni da Yuli, ko ya san yawan ɓerayen kasuwar Mile 12 da kewayen mayankar Oko-Oba, ya san kare a Legas ba ya nesa da ita. Karen zai zo da zazzaɓi, amai, ciwon jiki, wani lokaci idanu da dasashi sun yi ɗorawa. Abin farin ciki shi ne tana cikin ciwukan ƙoda da aka fi tashi daga gare su idan an fara magani da wuri: amfisilin ta jijiya lokacin da kare ke amai, sannan doksisaikilin miligiram 5 ga kowane kilo sau biyu a rana har kwana 14. Tana kama mutum, kuma ta fitsarin nan da kake ɗigawa a gilashi take bi. Safar hannu wajibi ce, ka kiyaye idonka da duk wani rauni a hannu. Ga musulmi dama fitsarin kare da na kyanwa najasa ne, sai safar ta biya buƙata biyu.

Na biyu shi ne maganin mutane da ake ɗura wa dabba da kyakkyawar niyya. Kare ya yi ɗingishi, maigadi ya tausaya masa, ya tusa masa ibufurofen ko daiklofenak a cikin nama. Waɗannan magungunan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma idan karen dama ya bushe saboda zafi ko gudawa, ɓarnar tana ninkuwa. Kyanwa ta fi rauni, rabin abin da zai illata kare ya ishe ta. Farasitamol kuwa kisa ne ga kyanwa, ko da yake shi jini da hanta yake lalatawa. Sai allurar jentamaisin, mai arha da ake yawan yi wa kare kwana da kwanaki ba awo ba lissafi. Ɓarnarta takan bayyana ne bayan kwana 5 zuwa 7, kuma fitsari ne ke fara tona ta kafin jini: kauri ya riƙa sauka, sukari da furotin su ɓullo. Duk asibitin da ke yin wannan allura ya kamata ya riƙa auna fitsari kullum. Ko don wannan kaɗai na'urar ta fanshi kuɗinta.

Na uku guba. Ruwan sanyaya inji da ake zuba wa lagireto, mai launin kore ko ja, yawanci yana ɗauke da etilin gilaikol. A gidan da ke da janareta babba ko garejin kanikawa, ɗigon da ya taru a ƙasa ya isa. Mililita 1.4 ga kowane kilo yana kashe kyanwa, wato mage mai kilo 4 abin da ya ɗara ƙaramin cokalin shayi kaɗan ya gama da ita. Kare kuma daga mililita 4.4 ga kowane kilo. Da farko dabbar takan yi tangaɗi kamar mai maye, ta riƙa shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, sannan ta yi kamar ta warke, sai ƙoda ta rufe bayan kwana ɗaya zuwa uku. Fitsari yakan tsinke tun cikin awa 3 na farko, kuma lokacin ceto gajere ne ƙwarai: kamar awa 8 ga kare, awa 3 ga kyanwa. Akwai kuma maganin ɓera mai sinadarin kolikalsiferol, wanda ke ɗaga kalsiyam a jini har ƙoda ta lalace, da furen lili na cikin kwandon furanni da ake kai wa gidajen biki, wanda ganyensa, garin furensa, har ruwan tulun da aka sa shi, duk guba ne ga kyanwa.

Akwai wata da ta shafi gidajenmu kai tsaye. An daɗe da sanin inabi da zabibi suna tsayar da ƙodar kare ba tare da an gane dalili ba. A 2022 likitocin cibiyar kula da gubar dabbobi ta ASPCA a Amurka suka wallafa rahoton karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, suka danganta abin da sinadarin tartarik asid, wanda ke cikin inabi da tsamiya duka. Saboda haka tuƙar tsamiyar da aka jiƙa aka tace don kunu, a zubar da ita inda kare ba zai kai baki ba, musamman da azumi lokacin da ake kunun tsamiya kusan kowace yamma.

Sauran kuwa sanannu ne: zazzaɓin kaska mai fasa jini har fitsari ya koma kamar ruwan shayi, bugun zafi ga karen da aka ɗaure a kejin kwano da tsakar rana, da gudawar fabo ga ƴan kwikwiyo.

Inda take yaudarar mai ita

Kuskure mafi yawa shi ne auna fitsari bayan an riga an sa ƙarin ruwa. Da zarar ruwa ya shiga jijiya fitsari zai tsinke ko da ƙoda lafiya take, sai a yanke wa kare hukuncin da ba nasa ba. A ɗebi fitsari da jini tukuna, sannan a ɗaura leda. Haka allurar furosimaid da deksametason suke tsinka fitsari, kuma sau da yawa dabba kan iso asibiti an riga an yi mata ɗaya daga cikinsu a gida. Sai an tambayi wanda ya kawo ta, a hankali ba da faɗa ba, domin mai tsoron fushin maigida ba zai faɗi gaskiya ba idan aka tsare shi da ido. Karya mai mugunya a mahaifa ma fitsarinta yakan tsinke, haka mai ciwon hanta, haka ƴan kwikwiyo ƙanana da ƙodarsu ba ta gama ƙosawa ba.

Tana iya ɓata ta ɗaya gefen ma. Sukari ko furotin mai yawa a fitsari yana ɗaga lambar, kusan 0.003 zuwa 0.005 ga kowane giram ɗaya a desilita, sai fitsari mai rauni ya yi kamar mai kauri. Fitsarin da aka bari a buɗe a zafin Legas yana ƙafewa, lambar ta hau. A auna cikin minti 30 zuwa awa ɗaya. In ya kwana a firji, a bar shi ya huce sanyi kafin a ɗiga.

Haruffan ATC da ke jikinta suna nufin tana gyara kanta gwargwadon zafin wuri, amma iyakar gyaran daga digiri 10 zuwa 30 ne. A watan Fabrairu da Maris ɗakin da ba na'urar sanyaya wuri yakan wuce haka, balle a ce an bar ta a aljihun mota cikin cunkoson gadar Third Mainland. Wannan nakasu ne na gaske ga mai aiki a nan. Maganinsa a ajiye ta a ɗaki mafi sanyi, a sake saita ta kowace safiya a ɗakin da za a yi aiki da ita, ba sau ɗaya a wata ba kamar yadda wasu ke yi. Laima kuma abokiyar gaba ce: ruwa yana iya shiga ta gefen ƙusar saiti ya yi hazo a ciki, gansakuka ta fito a madubin. Kada a wanke ta a ƙarƙashin famfo. A goge gilashin da ƙyalle mai laushi da ɗan ruwa, a busar, a mayar akwati tare da ƴar jakar nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin magani. Murfin robar shi ne mafi rauni a jikinta. Yana karcewa, maƙalarsa tana saki, kuma da ya daina kwanciya daidai layin zai riƙa rawa.

Ma'aunin kyanwa na dabam da aka sa mata shi ne abin da masu talla suka fi kururutawa. An yi shi ne bisa cewa fitsarin kyanwa ya fi karkatar da haske, don haka ma'aunin mutane ko na kare yakan ɗan ɗaga lambarsa. Bambancin ƙarami ne, kuma masana ba su haɗu a kan cewa ma'aunin na dabam ya fi daidai ba. A aikace, kyanwar da ta ba da 1.010 tana cikin matsala a kowane ma'auni, wadda ta ba da 1.050 ƙodarta tana tacewa a kowane ma'auni. Wadda ta faɗa tsakanin 1.030 da 1.038 ce ke buƙatar a maimaita a kuma duba jini.

Wajen saye a buɗe ido. Akwai rifraktomita ta auna zaƙin zuma da lemo, akwai ta gishirin ruwan kifi, akwai ta ruwan batir da lagireto, kuma duk jikinsu iri ɗaya ne, akwatinsu iri ɗaya. Ka leƙa ciki kafin ka biya. In ba ka ga 1.000 zuwa 1.060 da sunan kare da kyanwa ba, ba ita ba ce. Ta mutane mai lamba RHC-200ATC tana tsayawa a 1.050, tana aiki ga kare, amma fitsarin kyanwa mai lafiya yakan zarce iyakarta. Akwai ta lantarki mai nuna lamba a allo, ta fi tsada nesa ba kusa ba, amfaninta shi ne mutum biyu ba za su karanta lamba biyu ba.

Abin da ba za ta yi maka ba

Ba ta faɗin girman ɓarnar. Wannan aikin kiriyatinin ne, kuma ƙungiyar IRIS ta masana ƙodar dabbobi ta kasa ciwon mataki biyar: ƙasa da miligiram 1.6 a desilita mataki na ɗaya, 1.7 zuwa 2.5 na biyu, 2.6 zuwa 5 na uku, 5.1 zuwa 10 na huɗu, sama da 10 na biyar. Matakin farko shi ne abin lura, domin lambar tana cikin iyakar lafiya, amma idan ta ƙaru da 0.3 cikin awa 48 ƙoda ta riga ta taɓu. Ba ta kuma faɗin yawan sinadarin fotasiyam a jini, wanda shi ne ke tsayar da zuciya idan fitsari ya ɗauke.

Ba ta gane toshewa. Muzurun da ke ta zuwa wurin fitsari yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, a taɓa mararsa: idan mafitsara ta yi tauri kamar lemun zaƙi, hanyar fitsari ce ta toshe. Wannan ba ya jiran awon kauri, bututu yake buƙata cikin gaggawa, kuma kada a matsa mafitsarar da ƙarfi don neman ɗigon gwaji, tana iya fashewa.

Mafi girma, ba ta auna yawan fitsari, alhali a kansa magani ya rataya. Dabba mai isasshen ruwa a jiki tana yin mililita 1 zuwa 2 ga kowane kilo a awa. Kare mai kilo 30 ke nan ya ba da mililita 180 zuwa 360 cikin awa 6. Idan an kiyasta ya rasa ruwan da ya kai kashi 7 cikin 100 na nauyin jikinsa, gibin lita 2.1 ne, a mayar masa da ruwan ƙari na Ringa ta jijiya cikin awoyi gwargwadon ƙarfin zuciyarsa. Bayan an cike gibin sai a koma lissafin shiga da fita: abin da ya fitar a fitsari da amai, a ƙara kusan mililita 20 ga kowane kilo a yini na abin da ke tafiya ta numfashi. Ra'ayin cewa a yi ta ɗura leda bayan leda don a "wanke ƙoda" ya kashe dabbobi da yawa. Ƙodar da ta rufe ba ta buɗewa da matsin ruwa, ruwan sai ya koma huhu. Alamominsa ruwa garai na ɗiga daga hanci, farin ido ya kumbura, numfashi ya yi sauri, nauyi ya hau. Don haka a auna nauyin dabba aƙalla sau biyu a rana, kuma inda ba a sa bututun fitsari ba a auna shimfiɗar da ke ƙarƙashinta kafin da bayan ta jiƙe, giram ɗaya daidai da mililita ɗaya.

Ma'aunin furotin da ke cikin na'urar yana ɗan taimakawa a nan. Ɗigon ruwan jini da ya nuna sama da 8 yakan nuna bushewa, kuma idan ya riƙa sauka ƙasa da inda ya kamata bayan ƙarin ruwa, alama ce an fara wuce gona da iri. Sai dai karen da ya daɗe da cutar kaska ta erlikiya furotin ɗinsa yakan hau ko bai bushe ba, a tuna da wannan.

Kusan rabin karnuka da kyanwoyin da ciwon ƙoda na farat ɗaya ya kwantar ba sa tashi, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu ƙarewa da ciwon ƙoda na dindindin. Abin da ke hannun mai kula da dabba shi ne saurin ganewa, kuma a kan wannan ma'aunin ne na'urar ta ci jarrabawa. Kowane asibitin dabbobi ya kamata ya mallake ta tare da kwalin tsinken gwaji da sikeli mai kyau. Mai kiwon karnuka da yawa shi ma ta dace da shi, da sharaɗin lambar da ya gani ta zama dalilin kiran likita, ba dalilin zuwa kemis ba. Mai kyanwa ɗaya a shago ko a gida ba ya buƙatarta. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya san ranar da magensa ta yi fitsari na ƙarshe, kuma in zai tafi asibiti ya riƙe kwalin duk maganin da aka ba ta da kwalbar duk abin da ake zargin ta lasa.